Kafin a ɗaga guduma a tsohon gida, a fara gwada asbestos

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu tsofaffin gidaje, wato waɗanda suka gaji gida ko suka sayi tsoho a irin unguwannin nan da aka yanka a bayan birane shekaru arba'in zuwa saba'in da suka wuce, yanzu kuma suke shirin fasa shi su mai da shi na zamani. Aikin kula da gini na yi har na ajiye, amma har gobe 'yan uwa da 'ya'yan abokai suna kawo mini takardar lissafin gyaran gida in duba musu. Ina ganin kuɗin tayil, na fenti, na sabon kwano, har na tifar da za ta kwashe ɓaraguzai. Layi ɗaya ne ban cika gani ba, na gwajin asbestos. Alhali shi ya kamata ya zo a sama, tun kafin a zauna ciniki da ɗan kwangila.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, idan aka farfasa dutsensa sai ya warware zare-zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta taɓa shi, yana tare zafi, ga shi da araha. Don haka kada a ga wautar maginan da. A wajen 1900 wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya gano yadda ake cakuɗa zaren da siminti a matse shi ya zama falle, daga nan kwanon rufi da allon silin irin wannan suka bazu ko'ina a duniya. Lokacin da aka fi zuba shi a gidaje shi ne daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen 1980, kuma daidai lokacin ne birane suka yi ta tumbatsa, ana gina rukunin gidaje iri ɗaya a gefensu. Waɗannan gidajen ne yau suka isa gyara.

Yawancin mutane kwanon rufi kawai suka sani, mai kauri ɗin nan ruwan toka, sai kuma allon silin. Wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin fasa tsohon gida ya san abin ya wuce nan. Ana samun sa a tankin ruwa na sama, da bututun ruwan sama, da bututun hayaƙi. Ana samun sa a allon da aka kafa akwatin wutar lantarki a kai, da wanda aka sa a bayan murhu don kada bango ya kama. Tsofaffin tayil na roba, ƙananan nan masu kusurwa huɗu, sau da yawa suna ɗauke da shi, haka ma baƙin gam ɗin da aka liƙa su da shi. Sai mutum ya ɗaye tayil ɗin lafiya lau, sannan ya sa injin gurza a kan gam ɗin ya cika ɗaki da abin da yake gudu. Akwai filastar ado mai ƙurji-ƙurji da ake shafa wa silin. Mafi muni shi ne farin abin nan mai kama da busasshen yaɓe da ake naɗe bututun ruwan zafi da shi, wanda da yatsa ma ana iya marmashe shi. Kwanon siminti, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne asbestos a jikinsa, kuma simintin ya riƙe zaren gam. Naɗin bututu kuwa yana iya kaiwa kashi 85, ba kuma wani abin kirki da ya riƙe shi.

Muddin allo yana zaune daram, da fentinsa, bai fashe ba, ba ya sakin wani abin a zo a gani. Mutum zai shekara da shekaru yana kwana a ƙarƙashinsa lafiya. Ranar da aka sa masa zarto, ko injin huda, ko samfefa, ko aka kai masa guduma, ranar zaren yake tashi. Zaren da ke yin ɓarnar kuma ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa, kuma saboda rashin nauyinsa sai ya yi sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki bayan an tashi daga aiki. Idan aka shaƙe shi ya gangara can ƙasan huhu, wani jiki ya fitar, wani kuma ya maƙale har ƙarshen rayuwa. Wanda ya daɗe yana shaƙa da yawa, huhunsa yakan yi tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Yana jawo kansar huhu, da ta maƙogwaro, da ta ƙwayayen haihuwa na mata. Sai kuma wadda likitoci ke kira mesoteliyoma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wadda kusan duk inda aka gan ta asbestos ne sila. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, idan kuma ta bayyana, da yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda asbestos da suka shaƙa a wurin aiki, kuma reshenta mai binciken kansa ya sa duka nau'o'insa, fari da shuɗi da ruwan ƙasa, a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Na faɗi haka ne saboda har yanzu akwai masu cewa ai fari ba shi da illa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne daɗewar da aka yi da sanin wannan. Tun a 1924 wata mata mai suna Nellie Kershaw, mai kaɗin zaren asbestos a wata masana'anta a garin Rochdale na Ingila, ta mutu tana da shekara 33, likitan da ya duba huhunta ya rubuta abin da ya gani a mujallar likitoci. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, Wagner, shi da abokan aikinsa suka kawo rahoton mutum 33 masu mesoteliyoma a yankin da ake haƙar shuɗin asbestos, da yawansu ba su taɓa shiga ramin haƙa ba, zama kawai suka yi a kusa. A 1965 aka gano a Landan cewa har iyalan ma'aikata suna kamuwa, daga ƙurar da maigida ke kawowa gida a jikin tufafinsa. Duk da haka sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya, Ostareliya a ƙarshen 2003, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Amurka sai a 2024 ta fitar da dokar haramta farin. Har yau ana haƙar sa a Rasha da Kazakistan da Sin, ana kuma sayar wa ƙasashen da ba su haramta ba. Saboda haka shekarun gida kaɗai ba su isa hujja ba. A Birtaniya suna cewa duk ginin da aka yi kafin 2000 abin zargi ne, amma a ƙasar da ba a haramta ba, allon da aka sayo bara ma yana iya zama shi.

Mutanen Ostareliya sun fi kowa shan wannan darasi, don ana ƙiyasin kusan ɗaya cikin uku na gidajensu akwai asbestos. Suna kasa waɗanda cutar ta kama gida uku. Na farko masu haƙa da ma'aikatan masana'anta, na biyu magina da kafintoci da masu gyaran famfo da wayarin, na uku kuma masu gida da iyalansu da suka yi gyara da hannunsu ko suka zauna a gidan ana gyaran. Wannan kashi na uku shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na taɓa wucewa ta wani gida da ake canza wa rufi, aikin ba nawa ba ne. Wani yaro lebura ya durƙusa yana yanka tsohon kwanon da inji don ya shiga baro. Daga gashin kansa har girarsa ya yi fari fat, ya ɗaura hankici a hanci. Iyalan gidan ba su tashi ba, sun koma ɓangare ɗaya, taga a buɗe, ga shanya a igiya, ga yara biyu suna tsintar gutsattsarin suna zane da shi a ƙasa. Na kira mai kwangilar gefe na yi masa magana. Ya yi dariya ya ce, “Baba, shekara ashirin ina wannan aiki, ko ciwon kai ban taɓa yi ba.” Na ce masa, “Ɗana, ai wannan cutar sai bayan shekara ashirin take fara sallama.” Ba mugu ba ne, ba a taɓa gaya masa ba ne. Kuma ko da ya yarda da ni a ranar, ya riga ya yi ciniki a kan aikin kwana kaɗan da guduma, idan ya tsaya ya yi yadda ya kamata daga aljihunsa za ta fita.

Shi ya sa nake cewa nauyin yana wuyan mai gida, kuma lokacinsa kafin ciniki ne. Doka ma a wurare da yawa ta bar shi da halinsa. A Amurka dokar tarayya da ta tilasta bincike kafin rushewa ko gyara ba ta hau kan gidan zama mai ɗauke da iyali huɗu ko ƙasa da haka ba. A Birtaniya dokar ajiye rajistar asbestos ta shafi ofisoshi da makarantu da shaguna, ba ta shiga ɗakin kwanan mutum ba. Idan mai gida bai nema ba, sau da yawa babu mai nema masa. Idan kuma aka gano abin ana tsakiyar aiki, an riga an fasa silin ƙura ta shiga ko'ina, to an shiga uku: aiki ya tsaya, labule da katifa da darduma sun zama abin zubarwa, kuɗin tsabtacewa ya ninka na gwajin da aka ƙi yi sau ba adadi.

Gwajin kansa ba wani tashin hankali ba ne. Amma da ido ba a gane shi, duk wanda ya ce maka ya ƙwanƙwasa ya ji, ko ya karya gefe ya duba, ko ya sa ashana ya ga bai kama ba, to cika baki yake. Allon siminti na zamani da aka yi da zaren itace kamarsu ɗaya da tsohon, ni da na tsufa a cikinsu ba zan rantse a kan ɗaya ba. Mai bincike zai zo da takunkumi na musamman, ya shimfiɗa leda, ya jiƙa wurin, ya ciri ɗan guntu har zuwa ƙasan abin, ya sa a leda biyu ya rubuta daga inda ya ciro, ya toshe gurbin. Kowane irin abu da nasa samfurin: na silin daban, na tayil daban, na gam daban. Filastar ado ma sai an ɗiba daga wurare da dama, don ba a cakuɗa ta daidai ba. A ɗakin gwaji za a duba da madubin da ke ƙara girman abu, cikin 'yan kwanaki sakamako ya fito a rubuce, da nau'in da aka samu da wurin da yake. A nemi ɗakin gwajin da hukuma ta tantance. A kuma gaya wa mai binciken ainihin abin da za a fasa, domin binciken gidan da za a ci gaba da zama a ciki daban yake da na gidan da za a buɗe bangonsa. Na biyun sai an ɗaga daɓe, an leƙa saman silin, an buɗe bayan allo. Tsohon gida ya sha gyara a hannu daban-daban, ba abin mamaki ba ne a sami tayil a ƙarƙashin tayil.

Shawara ɗaya da ba na sassautawa a kanta: wanda zai gwada kada ya zama shi ne zai cire. Mai neman kwangilar cirewa yana da dalilin ganin asbestos a ko'ina, ɗan kwangilar gyara kuma yana da dalilin kada ya gan shi ko'ina. Inda kuma babu halin gwaji sam, to a ɗauka cewa shi ne, a bi da shi a haka.

To, sakamako ya fito, akwai shi. A nan ma ina da ja da wasu, masu firgita su ce a fitar da komai gobe. Cirewar gaggawa ta fi zama da shi haɗari nesa ba kusa ba. Abin da yake da lafiya, kuma gyaran ba zai taɓa shi ba, a bar kaza cikin gashinta. A shafe allo da fenti ba tare da an goge shi da samfefa ba, a shimfiɗa sabon daɓe a kan tsohon tayil, a rubuta inda yake a ajiye, domin mai wayarin da zai zo huda bango bayan shekara goma ya sani. Kada a wanke rufin asbestos da injin fesa ruwa mai ƙarfi, yana kankare simintin ya watsa zaren har gidan maƙwabta. Kada kuma a taka shi, tsohon kwano irin wannan yana burmawa da mutum ba gargaɗi.

Abin da ya zama dole a cire, mai gida ya kamata ya san kamannin aikin kirki, ko don ya gane idan ana yi masa na banza. Iyali su bar wurin. A rufe ɓangaren da leda mai kauri, a toshe tagogi da ƙofofi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Masu aikin su sa rigar da ake zubarwa bayan aiki, da takunkumi mai matatar P3, wato mai tace ƙura mafi ƙanƙanta, wanda ya kama fuska sosai. Hankici da takunkumin asibiti ba sa tare wannan zaren, mai gemu ma takunkumin ba ya zama masa daidai. A jiƙa abin kafin a taɓa shi, a kwance noti ɗaya bayan ɗaya, a sauko da kwano falle guda da hannu, ba a jefo shi ba, ba a karya shi don ya shiga mota ba. Injin yanka ba ya shiga wurin, tsintsiya ba ta shiga, injin zuƙar ƙura na gida ma ba ya shiga, don ta gaba zai zuƙa ya feso ta baya. Tsumma mai laima ake sawa, da inji na musamman mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙurar da ido ba ya gani. Idan irin mai marmashewa ne, sai kamfani mai lasisi, su kafa tanti na leda da injin da ke janye iska ta cikin matata, yadda ko leda ta huje iska ciki za ta shiga, ba waje za ta fita ba. Bayan an gama, wani daban ya zo ya duba ya auna iska. A Birtaniya ba a ba da takardar komawa sai awon ya yi ƙasa da zare 0.01 a kowace mililita ta iska. A yawancin jihohin Ostareliya an yarda a cire har murabba'in mita 10 na irin mai siminti ba tare da lasisi ba, amma mai marmashewa ko kaɗan ba a yarda ba, kuma ina ganin wannan iyakar ta yi daidai. Wanda yake ganin an tsananta, ya tambayi mutanen Kanbera, babban birnin Ostareliya. Gidaje kusan 1,000 aka hura wa sakakken asbestos a saman silin don tare sanyi, gwamnati ta kwashe shi wajen 1990, daga baya aka gano ya riga ya zurara cikin bango da ƙarƙashin daɓe, a 2014 aka yanke shawarar saye gidajen a rushe su.

Sharar ma ba a wasa da ita. Leda biyu, a ɗaure, a rubuta abin da ke ciki, a kai inda hukuma ta ware a binne, a karɓo takardar shaida. Na sha ganin mai gida ya ba mabukaci tsohon kwanon ya yi rumfa yana ganin alheri ya yi, ko a farfasa shi a cike ramin hanya, motoci su riƙa niƙa shi suna tayar da ƙura duk rani. Ƙonawa kuma ba ta kashe shi, sai dai kwanon ya fashe a wuta ya watsu.

Na san wasu masu karatu gabansu zai faɗi, su tuna silin da suka fasa shekarun baya. Haɗarin yana tafiya ne da yawan abin da aka shaƙa da tsawon lokacin, wanda ya ci karo da shi sau ɗaya bai kai wanda ya mai da shi sana'a ba, ko da yake masana ba su sami wani ma'auni da za su ce ƙasa da shi babu komai ba. Hoton ƙirji washegari ba zai nuna komai ba, babu kuma maganin da ke wanke huhu. Abin yi shi ne a gaya wa likita ya rubuta a kati, a koma wurinsa idan tari ya ƙi ƙarewa ko numfashi ya fara gajarta. Mai shan taba kuma ya bari, domin taba da asbestos idan suka haɗu ninka haɗarin kansar huhu suke yi.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne, duk lokacin da za ku kawo shafin gyaran gida da hotunan kafin da bayan, ku riƙa sa layi biyu a kan wannan gwaji, ku kuma tura wakilinku ya binciko wa masu karatu ɗakunan gwajin da aka tantance da wuraren da ake karɓar wannan shara. 'Yan majalisa kuma su dubi abin da Faransa ta yi: duk gidan da aka ba da izinin gina shi kafin 1 ga Yulin 1997, ba a sayar da shi sai mai sayarwa ya haɗa da takardar binciken asbestos. Mai saye ya san abin da ya saya tun kafin ya kira magini.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai kula da aikin gini